Ludayin Anti Glenys

Duk ranar da Skelbeck ke da wasa a gida, tun gari bai gama wayewa ba za ka hangi Anti Glenys Ackroyd tana gangarowa daga layin tsoffin gidajen ma'aikatan kwal, jaka a hannu, laima a hammata. Ko sama ta yi tas ba ta barin laimar, domin a garin nan in ba a yi ruwa yanzu ba, za a yi anjima. Ita ke buɗe ƙofar baya ta filin wasa. Ta kunna tanderu, ta ɗora shayi, ta leƙa koren waken da ta jiƙa tun jiya, sannan ta jawo kujera ta hau feraye dankali.

Sai ta yi nisa ƙawarta Beryl Crowther ke shigowa tana haki.

"Bas ce ta ƙi zuwa," in ji Beryl.

"Gidanki ga shi can, daga tagar nan ina hango labulenki. Ɗauki wuƙa."

Haka suke tun ina da gashi a kai. Kafin alƙalin wasa ya busa tashi, fai, wato gashin fulawa mai nama da dankali a ciki, ya gasu, wake ya narke, romo yana tafasa. In an tashi, 'yan wasan ɓangarorin biyu su yi wanka su hallara a zauren ƙungiya, kamar yadda ake yi a duk inda ake buga zari-ruga a arewacin ƙasar nan. Abin da ya bambanta zaurenmu shi ne dokar Anti Glenys: baƙi ne ke fara ci. Ko sun doke mu, ko mun doke su, ko sun karya wa ɗanmu hanci, ɗan gida ba ya taɓa faranti sai baƙo na ƙarshe ya zauna da nasa.

A makon nan ta ajiye ludayi, bayan shekara arba'in da wani abu a kicin ɗin. Jaridu sun cika da hotunan koci da kyaftin saboda mun haura Babban Rukuni, kuma sun cancanta, ban hana su ba. Amma ni da na daɗe ina rubuta labarin wasanni a jaridar garin nan, na san cewa ba don matar nan ba, da babu rukunin da za mu haura, wataƙila ma da babu ƙungiyar.

Kowa ya san halin da muka shiga a bana. Manyan ƙungiyoyi suka kawo shawarar a rufe ƙofa: wanda ke sama ya dawwama a sama, wanda ke ƙasa ya dawwama a ƙasa, ba hawa ba faɗuwa. Suka tashi kawo ta daidai shekarar da Skelbeck ke kan gaba a Rukuni na Biyu, karo na farko cikin kusan shekara talatin. Yaranmu ba su ɓoye ba, suka ce in an rufe za su kama gabansu, don ba wanda zai riƙa ba da haƙarƙarinsa ana dakawa kowane mako a kan abin da ba ya kai shi ko'ina. Masu gina gidaje kuwa tuni suka fara zagaya katangar filinmu da abin awo. Ramin kwal ya rufe, masaƙa ta rufe, filin nan ne kaɗai wurin da ya rage da garin ke haɗuwa ya yi ihu tare.

Yadda aka yi ƙofar ta tsira, sai an koma ranar da muka faɗo Rukuni na Biyu.

Akwai wani haifaffen Skelbeck, Keith Sugden. Mahaifinsa Arnold mahaƙin kwal ne, kuma tun yana saurayi wuri ɗaya yake tsayawa kallo, a kusurwar da ke kusa da tuta. Keith ya so buga wa garinsu kamar ransa, amma masu horarwa na lokacin suka dube shi sama da ƙasa suka ce ya yi ƙanƙanta. Garsby, maƙwabtanmu na bayan tudu, waɗanda ko gaisuwa ba ma son ta haɗa mu, su suka ɗauke shi.

Wasan ƙarshe na waccan kakar ya haɗa mu da su a filinmu, kuma duk wanda aka doke shi zai gangara. Muna gaba da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ana dab da tashi, sai ƙanƙanin nan ya karɓi ƙwallo, ya sulale ta ƙarƙashin hammatar ƙartinmu biyu, ya dangwala ta a bayan layi, daidai kusurwar da ubansa ke tsaye. Da idona na ga Arnold ya juya wa ɗansa baya. Abin da ya fito daga bakin jama'a a ranar ba zai rubutu a jarida ba.

Ina bakin kicin lokacin da shugaban ƙungiya na wancan zamani, Mista Illingworth, ya shigo fuskarsa jawur.

"Glenys, sauke tagar ba da abincin nan. Ko ɓawon dankali kada ki ba 'yan Garsby. Su hau motarsu su je su ci a gidan ubansu."

"Ranka ya daɗe, na girka na ɓangare biyu ne, namu da nasu."

"Ki ba karnuka. Ni ne shugaba a nan."

"A fili kai ne shugaba, ga shi kuma mun ga inda ka kai mu. Nan kicin ne. Matsa mini, romo zai ƙone."

Mu mutanen nan, ka zage mu mu rama, ka doke mu mu haɗu baɗi. Amma ka hana mutum fai da wake bayan ya zubar da guminsa a filinka, wannan cin fuska ne da jikoki za su gada. Illingworth ya san haka, shi ya sa ya zaɓe shi. Anti Glenys ma ta sani.

Ba ta tsaya a gardama ba. Ta goge hannu, ta ratsa har ɗakin da baƙi ke sauya kaya, ta ƙwanƙwasa da ƙarfi. Sai ga ta ta fito riƙe da wuyan hannun Keith, sauran 'yan Garsby na biye a baya kamar 'yan makaranta. Zauren ya cika maƙil da 'yan wasanmu da matansu da tsoffin magoya baya, wasu na kuka a fili. Kowa ya zuba musu ido. Mijinta Stan, mai kula da ciyawar fili, yana tsaye a jikin bango, ya san aikinsa ya tafi tare da wasan nan. Ta wuce ta gabansa da yaron da ya raba shi da aikin, ta zaunar da shi, ta zuba masa, ta kwarara romo.

Keith ya kasa ɗaga cokali. Hawaye ne kawai ke ɗiga a cikin waken.

"Ci, ɗan nan," in ji ta. "Aikin da aka ɗauke ka shi ka yi. Da mu muka riƙe ka, da yau kai muke ɗagawa a kafaɗa."

Can sai kyaftin ɗinmu, ƙato mai kumburarren ido, ya jawo kujera ya zauna kusa da shi, ya miƙa masa gishiri. Daga nan zauren ya fara numfashi. Ban taɓa jin kunya da alfahari a lokaci guda kamar na ranar ba.

Arnold bai shigo ba, kuma ya yi rantsuwa ba shi ba ɗansa. Anti Glenys ba ta je ta yi masa wa'azi ba. Sabuwar doka kawai ta ƙara: baƙi su fara ci, 'yan gida su biyo, Arnold Sugden ne na ƙarshe. Duk wasan gida zai shiga layi da farantinsa, ta dube shi ta ce, "Ka kira ɗanka?" Ya kau da kai. Ta ce, "Koma baya." Sai an share tire take kankaro masa ƙanzo. Mutumin nan ya yi kaka biyu cur yana cin ƙanzo, gari na yi masa dariya, har wata Lahadi ya iso gaban layi ya yi gyaran murya ya ce, "Ya ce yana gaishe ki." Ta zaɓo masa na tsakiya, wanda ya fi nama. Da Arnold zai bar duniya, Keith ne ke riƙe da hannunsa.

Kada wani ya ɗauka ba ta san zafin faɗuwa ba. Ta fi duk masu muhawara a talabijin saninsa. Stan ya rasa aikinsa, ya zauna a gida yana kallon bango har ciwo ya kwantar da shi. Ita kanta aka daina biyanta, ta ci gaba da zuwa kamar ba ta ji ba. 'Yan kallo suka ragu, rufin zaure ya fara yoyo, har akwai shekarun da naman ba ya isa kowa. A irin waɗannan ranaku baƙi ke cinye fai, yaranmu su samu wake da burodi. Wani ɗan wasanmu ya taɓa yin ƙorafi.

"Haba Anti, mu fa muka yi nasara!"

"To ka ci nasarar da burodi, ai ta fi nama daɗi."

Ke ce kika riƙe mana mutuncinmu a shekarun da ba mu da wani abin nunawa, Anti. Ƙungiyoyi sun zo sun lallasa mu sun tafi, amma ba a taɓa samun wadda ta koma gida ta ce Skelbeck ta mutu ba, domin garin da ke ciyar da baƙo da sauran numfashinsa.

Shekaru suka tura. Keith ya ajiye wasa, ya shiga harkar motocin dakon kaya, Allah ya buɗa masa, har ya zama shugaban Garsby. A bana kuwa Garsby ce ta ƙarshe a Babban Rukuni. Da aka zo batun ƙuri'a, ƙungiyoyi suka rabu biyu, kowa ya gane cewa inda Keith ya karkata nan za a tafi. Ba wanda ya yi shakkar inda zai karkata. In an rufe ƙofa, Garsby ta tsira har abada. In an bar ta a buɗe, su za su gangaro, mu mu hau kujerarsu.

Ranar Juma'ar da ta gabaci taron ƙuri'ar, na je shan shayina a kicin kamar yadda na saba, sai ga wata doguwar mota ta tsaya a ƙofar baya. Keith ya shigo cikin kwat, kai duk furfura.

"Ikon Allah," in ji Beryl. "An zo auna kicin ɗin ne kafin a rushe?"

"Beryl, ja bakinki. Zauna, ɗan nan."

"Anti, kin san abin da ya kawo ni."

"Yunwa. Dubi wuyanka. Ba sa girki ne a Garsby?"

Ta ɗumama masa fai ta ajiye a gabansa. Ya daɗe yana jujjuya cokali, sannan ya fara magana a hankali. Ya ce yana da masu sayar da tikiti, da masu wanki, da mai kula da fili mai 'ya'ya ƙanana, duk a wuyansa. Ya ce masu talabijin sun gaji da ƙananan garuruwa, masu zuba jari kuma ba sa son gina abin da wasa ɗaya zai rushe.

"Kin fi kowa sanin abin da faɗuwa ke yi wa gari," in ji shi. "Ni na yi muku. Har yau in na tuna da Kawu Stan ba na iya barci. Yanzu kuma in ɗauki hannuna in yi wa nawa mutanen? Ki ce wani abu mana, Anti."

"Ba zan roƙe ka ba. Abincin da na ba ka a ranar nan, don kana jin yunwa na ba ka."

Ta ci gaba da feraye dankalinta. Har na ɗauka ta gama.

"Faɗuwa na da ciwo, ba zan yi maka ƙarya ba. Ita ta kwantar mini da miji. Amma ka san abin da ke tashe ni da asuba duk shekarun nan? Kowace kaka in ta kama sai in ce wa kaina, bana ce. A doke mu, in ce to baɗi. Stan ma har ya rufe ido yana cewa baɗi. Wannan ɗin kuke so ku ɗauke. Wanda ya faɗi yana da baɗi, Keith. Wanda aka rufe wa ƙofa ba shi da ita."

Ta jefa dankali a ruwa, ta ɗago ta dube shi.

"An taɓa dubanka aka ce ka yi ƙanƙanta. Kai ka san yadda ka ji. Yanzu za ku zauna a otal ku dubi gari guda ku ce masa haka. Ci abincinka, yana hucewa."

Ya cinye tas, ya sumbace ta a kumatu, ya fita. Beryl ta ce an yi asarar fai.

Ƙuri'a ɗaya ce ta raba gardamar, kuma ta Garsby ce. Ƙofa ta zauna a buɗe. Da 'yan jarida suka tare Keith, ya yi ta kawo dalilai na makomar wasa, bai ambaci kicin ɗin kowa ba. Mutanensa kuwa suka yi masa ca, suka rubuta sunansa a ƙyallaye da kalmomi irin waɗanda ya taɓa ji a filinmu.

Ba zan ce masu son a rufe ƙofa wawaye ba ne, duk da cewa akwai wawaye a cikinsu. Tsoron da suke ji na gaskiya ne, mun ɗanɗana shi. Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda suke magana kamar wasan nan a otal aka haife shi. Garuruwa irin namu suka haife shi, mutanen da ke fitowa daga rami da baƙin ƙura a fuska su nufi fili. In za a gyara, a gyara yadda wanda ya faɗi ba zai karye ba, a tallafa masa ya miƙe. Amma a ce an hana faɗuwa ta hanyar hana hawa, wannan ba magani ba ne.

Sauran labarin kun san rabinsa. Ranar Asabar ɗin ƙarshe muka yi nasara, muka haura, tsofaffi suka yi ta rungumar juna suna kuka kamar yara. Washegari Lahadi aka shirya zagaya gari a buɗaɗɗiyar bas, daga nan a wuce zaure a yi bikin sallamar Anti Glenys. An sayo furanni, an yi kek mai siffar ludayi. Aka nemi mai biki aka rasa.

Rabin da ba ku sani ba ke nan. Tun da safe ta buga mini waya.

"Howard, motarka na da mai?"

"Akwai, Anti. Ina za mu?"

"Garsby. Yau suke wasansu na ƙarshe. Zo ka ɗauki tire, kuma kada ka yi mini tuƙin ganganci, akwai romo."

Muna isa ana tashi. An doke su, sun faɗi. Jama'a sun taru a bakin ƙofa suna kiran sunan Keith da zagi. Kuma abin da Illingworth ya so yi a wancan zamani, shi 'yan kwamitin Garsby suka yi: sun sauke tagar kicin, sun kora ƙungiyar da ta doke su cikin mota ba ko ruwan shayi. Direba har ya tayar da inji.

"Beryl, je ki tsaya a gaban motar can."

"In ya take ni fa?"

"Sai ya lotsa motarsa. Je ki."

Wani ƙato mai gyalen Garsby a wuya ya gane mu, ya tare hanya.

"'Yan Skelbeck! Dariya kuka zo yi mana?"

"Da dariya ce ai daga gida ma ina iya yi," in ji ta. "Abinci na kawo. Karɓi tiren nan, hannuna ya gaji."

Ya karɓa. Ban ga yadda zai yi ya ƙi ba.

A cikin zaure 'yan wasan Garsby na zaune da taɓo a jiki, kowa kansa a ƙasa. Keith na can ƙarshen ɗaki shi kaɗai, ba wanda ya zauna kusa da shi. Anti Glenys ta ɗaga tagar kicin ɗin da ba nata ba, ta jera tire, Beryl ta shigo da baƙin da ta sauko da su daga mota. Aka yi layi. Ta ɗauki ludayi za ta fara zubawa, sai Keith ya taso ya ratsa zauren, ya riƙe wuyan hannunta.

"Anti, nan ba Skelbeck ba ne."

"Na sani, ɗan nan. Sakar mini hannu."

"Dokarki ce. Baƙi ne ke fara ci, kuma duk cikin baƙin nan ke ce babba."

Ya karɓe ludayin, ya ja ta har tsakiyar zaure, ya zaunar da ita. Ya zaɓo na tsakiya, ya zuba wake, ya kwarara romo. Mutum sama da hamsin na tsaye da faranti suna jira. A lokacin ne ya faɗo mini cewa duk tsawon shekarun nan ban taɓa ganinta a zaune da faranti ba. Kullum sai kowa ya watse take tsayawa ta ci abin da ya rage, a sanyaye.

Ta kai cokali baki, ta tauna a hankali, idanunta suka ciko.

"Beryl," in ji ta, "ashe haka yake da zafi? Gishiri ya yi kaɗan. Shekara arba'in ba wanda ya gaya mini."

Zauren ya fashe da dariya, har da waɗanda ke kuka. Ƙaton nan mai gyale ya jawo kujera ya zauna kusa da Keith.

Anti Glenys, uwar baƙi, mun gode. Ke ce kika nuna mana cewa ana iya faɗuwa ba tare da an zubar da mutunci ba, kuma ana iya hawa ba tare da an taka wanda ya gangaro ba. Ba ki taɓa riƙe ƙwallo ba, ba ki taɓa zama a taron manya ba, amma faranti ɗaya da kika ƙi hana wani ya dawo ya buɗe wa gari guda ƙofa. Allah ya ba ki lafiya da tsawon kwana, ki zauna a rumfa ki kalli wasa daga farko har ƙarshe, abin da kicin bai taɓa barinki kin yi ba.

Mu kuma da muka hau, kada kanmu ya yi girma. Wata rana za a sake kawo batun rufe ƙofa, kuma a ranar wataƙila mu ne a ƙarshen tebur, mu ne rufewar za ta cece mu. In ranar ta zo, duk wanda ke riƙe da ƙuri'ar Skelbeck ya tuna wanda ya bar mana ita a buɗe da abin da ya biya. Kafin nan, kowa ya duba nasa kicin ɗin, a gida ne ko a wurin aiki, ya ga wa yake sa wa a gaban layi.

Da za mu baro Garsby, Keith ya rako mu har mota. Anti Glenys ta sauke gilashi ta ce masa, "Baɗi, ɗan nan."

Ya ce, "Baɗi, Anti. A ajiye mini na tsakiya."